Jaririna ya ragu a sikeli, an ce nonona ne ba shi da kyau

Assalamu alaikum Anti. Daga cikin birnin Zariya nake rubuto miki, hankalina a tashe. Ranar Alhamis da ta wuce na haifi ɗana na fari a asibiti, bayan doguwar naƙuda da aka yi ta yi min ƙarin ruwa. Nauyinsa kilo 3.2. Yau Litinin muka koma awo, sikeli ya nuna 2.95. Malamar asibitin ta ce in ƙara ba shi nono in dawo jibi, amma layi ya yi yawa, ban samu na tambaye ta komai ba. Mahaifiyata ta rasu, don haka a gidan miji nake jego, uwar mijina ce ke yi min wanka. Tun a hanya Hajiya ta fara faɗa, wai dama ta ce a matse dakashin a zubar na ƙi ji. Da muka iso gida ta sa na tatsa a murfin kwano ta jefa tururuwa, tururuwar ba ta fito ba, ta ce nonona ba shi da kyau. Tana so a fara ba shi zamzam da zuma saboda zafin gari, ranar suna kuma wanzami ya cire masa belu. Maigidana ya sayo madarar gwangwani da fida a kemis, ya ce shi dai kada ɗansa ya mutu da yunwa. Yaron ba ya rigima, barci yake ta yi, kowa na cewa mai haƙuri ne. Sau biyar ko shida nake ba shi a kwana, don ɗakin kullum cike yake da 'yan barka, ni kuma ina jin nauyin shayarwa a gaban dangin miji, ga shi ɗan fari. Kan nonona ya tsage, in ya kama sai na cije leɓe. Famfas uku ko huɗu nake canzawa, kashinsa har yanzu da duhu-duhu. Ba na barci, kuka kawai nake yi. Anti, ni ce nake cutar da shi?

Mai jego, Zariya

Wa alaikumus salam 'yata. Barkanki da arziki, Allah Ya raya mana shi, Ya jiƙan mahaifiyarki da rahama. Ba ke ce kike cutar da shi ba, kuma nononki lafiyarsa ƙalau. Amma ba zan ce miki ki kwanta ki yi barci komai daidai yake ba, domin a cikin wasiƙarki na ga abubuwan da nake so a gyara tun daga daren yau.

Bari mu fara da sikelin, tunda shi ne ya tayar da ƙurar. Kusan duk jaririn da aka haifa sai ya ragu a kwanakinsa na farko. Yana zuwa duniya da rarar ruwa a jikinsa, sai ya fitar da shi ta fitsari da numfashi, ya kuma zubar da baƙin kashin nan mai kama da kwalta da ya tara tun yana ciki. Abin da yake sha a lokacin kaɗan ne, don a ranar farko cikinsa bai fi ɗaukar cokalin shayi ɗaya zuwa biyu a sha ɗaya ba. Raguwar takan kai ƙarshenta a rana ta uku ko ta huɗu, wato daidai ranar da aka ɗora naki a sikeli. Idan ba ta wuce kashi 7 cikin 100 na nauyin haihuwa ba, ba a damuwa. Idan ta kai kashi 10, to sai likita ya duba yaron da kyau. Ɗanki ya rasa giram 250 cikin 3,200, kusan kashi 8 ke nan. Kashi 10 ɗinsa giram 320 ne, wato ranar da sikeli zai nuna 2.88. Bai kai can ba, amma tazarar giram 70 ce kawai, shi ya sa malamar ta ce ki dawo jibi. Akwai kuma abin da ya kamata ki sani game da ƙarin ruwan da aka yi miki: wani ɓangare na ruwan yakan ratsa zuwa jikin jariri, ya sa nauyinsa na haihuwa ya ɗan haura, bayan kwana ɗaya ko biyu ya fitsarar da shi, sai raguwar ta zama kamar ta fi yadda take. Yawancin jarirai suna komawa nauyinsu na haihuwa tsakanin kwana 10 zuwa 14, suna ƙara giram 20 zuwa 30 a kullum.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne kalmar nan da ake yaba masa da ita, mai haƙuri. Jaririn kwana huɗu yana bukatar nono sau 8 zuwa 12 a dare da rana, naki yana samun biyar ko shida. Zuwa kwana na biyar ana so a ga fitsari aƙalla sau shida, mai haske kamar ruwa, kashi kuma ya bar duhu ya koma ruwan ɗorawa mai laushi, sau biyu ko uku ko fiye. Nasa bai kai haka ba. Jaririn da ba ya samun isasshen nono wani lokaci ba ya kuka, barci yake yi saboda ba shi da ƙarfin rigima, barcin kuma ya sa a rage ba shi, haka abin zai yi ta zagayawa. Wannan zagayen ne za mu katse.

Kafin komai, da zarar gari ya waye ki ɗauke shi zuwa bakin taga ko ƙofa, inda hasken rana yake, ki cire masa kaya ki dube shi. Ki duba farin idonsa da dasashinsa, ki ɗan danna goshinsa da ƙirjinsa da yatsa ki saki. Idan kin ga rawaya, ciwon shawara ne, kuma ƙarancin shan nono yana ƙara shi, shi kuma yana ƙara wa jariri barci. Idan akwai wannan, ko kin tashe shi ya ƙi tashi, ko ya ƙi kama nono sau biyu a jere, ko jikinsa ya yi zafi ko ya yi sanyi ƙalau, ko maɗigarsa ta faɗa, bakinsa ya bushe, ko numfashinsa na fita da sauri da ƙyar, ko jijjiga, ko ya yi awa shida zuwa takwas famfas a bushe, to kada ki jira Laraba, kada ki jira a gama shawara a gida. Ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne. Kina cikin birni, asibitin Gambo Sawaba na Ƙofar Gayan yana kusa da ku, ga kuma asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a Shika inda ake da sashen jarirai. Shanya jariri a hantsi ba ya maganin shawara mai ƙarfi, jiƙo ma haka, kuma idan ta yi yawa tana taɓa ƙwaƙwalwa. Ki kuma duba akwatin kayansa, in an sa kafur a ciki a fitar da shi a wanke kayan, domin akwai yara, musamman maza, da kafur ke fasa musu ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani.

Idan babu ko ɗaya cikin waɗannan, aikin yana hannunki, kuma inda zai fara shi ne ƙofar ɗakinki. Na san kunyar ɗan fari. Mun taso mun ga iyayenmu ba sa kiran sunan ɗan fari, ba sa yi masa wasa a gaban mutane, wasu ko kallonsa ba sa yi idan surukai na wurin. Tarbiyya ce, kuma ba na raina ta. Sai dai a da, mai haihuwar fari tana gidan iyayenta ne, a ƙuryar ɗakin uwarta, inda za ta saki jiki ta shayar ba mai ganinta. Ke kuma kina tsakiyar dangin miji, babu uwar da za ta kare ki, yaron yana yawo daga hannu zuwa hannu cikin shawul, ke kina gefe kai a sunkuye kina jiran a watse. Kafin a watse awa huɗu ta wuce. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, 'yata. Nono yana samuwa ne gwargwadon yadda ake cire shi. Duk lokacin da yaro ya tsotsa, jikinki yana samun saƙon ya ƙara, idan kuma aka bar nonon a cike na awoyi, sai jikin ya ɗauka ba a bukata ya rage. A wannan satin ne ake kafa yawan nonon da zai ɗauke ku watanni masu zuwa. Don haka ki samu wurin da za ki keɓe, uwar ɗaka ko bayan labule ko ɗakin maigidan, kuma duk awa biyu da rana ki karɓi ɗanki ki shige. Da dare kada a wuce awa uku, ki sa ƙararrawar waya. Ba sai ya yi kuka ba. Idan ya fara motsa baki, ko tsotsar hannu, ko juya kai yana nema, lokaci ya yi.

In barci ya rinjaye shi, ki cire masa hula da safa da shawul, domin a wannan zafin rufin da ake yi wa jarirai yana ƙara musu kasala. Ki bar shi da famfas kaɗai, ki kwantar da shi a ƙirjinki fata da fata, ki yafa zani mara nauyi a kanku. Ki shafa tafin ƙafarsa da bayansa. Idan ya kama ya fara lumshe ido, ki ɗan matsa nonon da hannu don ruwan ya zubo masa, zai ci gaba da haɗiya. Ya gama da ɗaya ki ba shi ɗayan.

Tsagewar kan nononki ta gaya min wani abu kuma: kan nonon kaɗai yake kamawa. Wannan kamun yana ji wa uwa ciwo, kuma yaro zai daɗe yana tsotsa abin da yake samu kaɗan ne. Ki zauna ki jingina bayanki, ki juyo da shi gaba ɗaya cikinsa ya manne da naki, kansa da jikinsa a miƙe, kada wuyansa ya karkace. Ki sa hancinsa daidai kan nonon, ki taɓa leɓensa na sama, ki jira ya wangale baki kamar mai hamma, sannan ki jawo shi gare ki da sauri. Kada ke ki sunkuya ki kai masa. Idan kamun ya yi kyau za ki ga haɓarsa ta taɓa nonon, leɓensa na ƙasa ya juyo waje, yawancin baƙin da ke kewaye da kan nonon ya shige bakinsa, kumatunsa a cike, kuma za ki ji yana haɗiya. In kin ji zafin ya ci gaba, ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi a hankali, ki sake. Bayan ya gama ki shafa ɗigon nononki a kan tsagewar ki bari ya bushe, kada ki wanke wurin da sabulu. Ranar Laraba kuma ki roƙi malamar ta tsaya ta ga yadda kike ba shi, ko da na minti biyar ne, ta kuma duba ƙarƙashin harshensa, don akwai yaran da tantanin wurin ke riƙe musu harshe.

A kwana biyun nan ina so ki ƙara da tatsa. Bayan ya sha, ki wanke hannu, ki sa babban yatsa a sama, manuni a ƙasa, a gefen baƙin kewayen, ki danna ciki wajen ƙirjinki sannan ki matse ki saki, kina zagayawa. Ki tara a ƙaramin kofi da aka wanke aka zuba wa tafasasshen ruwa. Ki ɗaga yaron ya ɗan zauna, ki kai bakin kofin ko cokali leɓensa ya riƙa lasa da kansa, kada a ɗura masa. Ko cokali biyu kika samu riba ce. A zafin Zariya na yanzu ki ba shi nan take, kada a ajiye ya daɗe.

Yanzu maganar Hajiya. Dakashin da kika ƙi zubarwa, kin yi daidai. Kaurinsa da launinsa sun zo ne daga sinadaran kariya da ke cikinsa, waɗanda ke lulluɓe hanjin jariri su tsare shi daga gudawa da sauran cututtuka, kuma shi ke taimaka masa ya fitar da baƙin kashi. Tururuwa kuwa, a duk abu mai kauri da danƙo aka jefa ta za ta maƙale, nonon kowace mace ne in yana kwanakin farko. Ruwa kuma, na san zafin bazara yana sa babba ya ga kamar zalunci ne a hana yaro. Amma kusan kashi 88 cikin 100 na nonon uwa ruwa ne, shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce nono zalla har wata shida, ko a ƙasashe masu zafi irin namu. Cikin ɗanki a yanzu bai kai ƙwan kaza ba. Duk cokalin ruwan da ya shiga ya tare gurbin nono, kuma ruwa ba ya ƙara nauyi, sai ma ya ƙara ramar da ake gudu. Zamzam ruwa ne mai albarka, ke ki sha da niyyar Allah Ya ba ku lafiya ke da shi. Zuma kuwa kada ta taɓa bakinsa sai ya cika shekara, saboda takan ɗauki wata ƙwayar cuta da hanjin jariri ba ya iya kashewa, mai shanye jiki har ta hana numfashi.

Duk da haka kada ki ɗauki Hajiya abokiyar gaba. Matar da ke tashi da asuba ta dafa miki ruwan wanka a matsayin uwa take a gare ki. Matan zamaninta da yawa sun binne jarirai, kuma idan irinsu suka ji an ce jika ya ragu, tsoro ne yake fitowa da siffar faɗa. Abin da ta sani take kawowa. Idan kika yi musu da ita za ki yi asara ko da ke ce mai gaskiya, don haka ki ba ta aiki. Ki same ta ita kaɗai ki ce, "Hajiya, asibiti sun ce duk awa biyu a ba shi, ni kuma ina jin nauyin baƙi. Ki taimake ni ki riƙa karɓo min shi." Babu wanda zai ce uffan idan kakar yaro ce ta ɗaga shi daga cinyar baƙuwa ta ce a kai shi ya sha. Ki ajiye kwano biyu da ƙwallayen dabino a gabanta, duk shan nono a jefa ɗaya a wannan, duk fitsari a jefa ɗaya a wancan, da safe ku ƙirga tare. Famfas yana shanye fitsari har a kasa ganewa, don haka ki sa ɗan farin ƙyalle mai tsabta a ciki. Ranar Laraba kuma ku tafi tare da ita, ta ji daga bakin ma'aikatan, ta ga sikelin da idonta.

Belu ne kaɗai inda nake so a tsaya tsayin daka, kuma wannan ba maganarki ba ce, ta maigidanki ce. Belu halitta ce da kowa yake da ita, ba ya hana tsotso. Yanke shi yana jawo zubar jini da shigar ƙwayoyin cuta har da tetanus, kuma jaririn da aka ji wa ciwo a maƙogwaro yakan ƙi nono na kwanaki, a daidai lokacin da naki ba shi da abin da zai rage. Maigidan ya sanar da mahaifiyarsa da wanzamin tun kafin Alhamis, cikin ladabi, cewa aski kawai za a yi, a kuma ba wanzami haƙƙinsa cikakke.

Shi ma maigidan ki karanta masa wannan amsa. Gwangwanin da ya sayo tausayi ne ya sa shi, kuma madarar jarirai tana da ranarta. Idan Laraba ta zo aka ga ya ƙara raguwa, ko aka ga alamar ruwan jikinsa ya yi ƙasa, ma'aikatan lafiya za su iya cewa a ƙara masa da ita na ɗan lokaci. In haka ta faru ki karɓa ba tare da jin kin gaza ba. A tambaye su adadin da za a ba shi, a fara da nono kullum sannan a cike da madarar, a haɗa ta da tafasasshen ruwa bisa ma'aunin da ke jikin gwangwanin ba tare da tsinkawa ba, a ba shi da kofi, abin da ya rage a zubar. Fida tana da wuyar wankewa, kuma yaron da ya saba da saurin zubarta yakan yi wa nono ƙyuya. Madarar shayi da nonon shanu ba na jariri ba ne. Amma a yau gwangwanin ya zauna a rufe. Taimakon da ya fi amfani daga wurinsa shi ne ya rage miki baƙi, ya tashe ki da dare, ya tsaya tsakaninki da maganganu.

Ke kuma, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki ci tuwo da miyar ganye, wake, ƙwai, nama in ya samu, kunun gyaɗa, fura, ki ajiye ruwa kusa da inda kike shayarwa. Ki yi hattara da yawan kunun kanwa da ruwan wanka mai tsananin zafi. A nan Zariya ne, a shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello suka yi nazarin ciwon zuciyar da ke kama masu jego, suka danganta yawansa da kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta. Idan kika ji haki, ko ƙafafunki suka kumbura, ko kika kasa kwanciya sai a zaune, ki je asibiti. Haka ma idan gefen nono ya yi tauri ya yi ja da zazzaɓi, kuma kada ki daina ba shi ta wannan gefen. Kukan da kike yi yakan zo wa mata da yawa a kwana na uku zuwa na biyar, balle ke da kike jego babu mahaifiya. Idan yaro ya yi barci ki kwanta, baƙi za su yi miki uzuri. In sati biyu ya wuce zuciyarki ba ta sake ba, ko kika ji ba kya son ganin yaron, ki faɗa wa ma'aikaciyar lafiya, akwai taimako.

Ranar Laraba ki tabbatar sikelin da aka yi amfani da shi ran Litinin ne, kuma a tuɓe shi tsirara, don shawul da jiƙaƙƙen famfas kaɗai suna iya canza lissafi. Abin da muke fata shi ne ya tsaya da raguwa ko ya ɗan haura 2.95. Ba a sa ran ya kai 3.2 sai wajen Alhamis ɗin da ke bin ta suna, don haka ki nemi a sake auna shi a wannan satin ma. Ranar suna gida zai cika, kada kwalliya da hotuna su sa a tsallake awa biyun nan, ki sa wata ƙawarki ta riƙa duba miki agogo. Ki turo min lambar da sikelin ya nuna da adadin ƙwallayen dabinon da kuka ƙirga, ina jiran saƙonki ranar Laraba da yamma in Allah Ya kai mu.